Model ɗin da Ba a Ɗinkawa

Ni ba na sa albarka ga abin da ban gane ba. Mai gidana kuwa, ko akuya ce ta zo ta ce mishi za ta Makka a ƙasa, "Allah shi yi albarka" zai ce, ya koma ga rediyonshi. Ni ba haka Allah ya yi ni ba. Shi ya sa shekarar da ɗiyata ta fari ta zo gida neman albarkata, za ta bar aikin kamfani a ƙasar Turawa ta dawo koyarwa da bincike a jami'a, na riƙe abata sai da ta yi gumi. Ita kuma ta riga ta rantse ba za ta sa hannu ga takardar jami'ar ba sai na sa baki. Hutunta gajere ne, masu jami'a kuwa ba za su yi ta jiranta ba.

Sunanta ba zai fito nan ba. Ɗiyar fari ce, kuma a Dumega inda anka haife ni mace ba ta kiran sunan ɗan fari. "Ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce "waccan".

Kafin in kai ga wannan zuwa nata, sai na faɗi yadda kalma guda ta ɗaure ni shekara da shekaru.

Atamfa da shadda nake saidawa a Dogon Dutsi, rumfata tana kallon gudro, wato titin kwalta, inda manyan motoci ke wucewa. Duk wanda ya zauna cikin matan garinmu ya san model. In kin sayi turmi sai ki wuce wurin tela, ya miƙo miki hotuna, ko a yanzu ya buɗe miki waya, ya ce, "Wane model za a yi miki?" Ki zaɓi mai faɗin hannu, ko mai tattara a ƙugu, ko wanda kika gani jikin wata a biki kika kasa barci. Kalmar Faransanci ce, amma ta daɗe da zama tamu, kamar yadda muke ce wa makaranta lakwal, mu ce wa wutar lantarki kuran.

Waccan tun tana ƙarama kanta na lissafi ne. Ta yi lakwal nan Dutsi, ta wuce Yamai, daga can anka ba ta gurbin karatu a Turai. Ta ce min tattalin arziki take karantawa. Na ce, "Tattali kuma sai an hau jirgi an koyo shi? Ni da ban taɓa shiga aji ba, da mi na raine ku?" Amma na bar ta ta tafi, don na ga abin a jininta yake. Ta daɗe. Ƙannenta sunka yi aure sunka haihu tana can tana karatu, har ta kai inda babu sauran aji a gaba.

Ran da ta kira ta ce ta samu aiki, ranar kasuwa ce. Yayar mai gidana ta zo daga Dumega, wadda yara ke ce wa Gwaggo, ni ma na bi bakinsu. Tana zaune rumfata tana ta buɗe turamen da ba saye za ta yi ba. Wayata ta lokacin ba a jin magana sai an sa ta a fili, don haka duk abin da anka faɗa, Gwaggo ta sha.

"Inna, na samu aiki a wani kamfani."

"Alhamdu lillahi. Aikin mi?"

Daidai nan wata babbar mota ta bi gudro da ƙara, ta cinye tsakiyar maganar. Abin da ya iso kunnena shi ne ƙarshenta: "...ni model nake yi musu."

Gwaggo ta saki turmi ta rangaɗa guɗa, har mai albasa ya waiwayo.

"Ashe ɗinki anka tahi koyo! Duk shekarun ga! Da kun faɗa min, ga tela nan bayan tasha, da buhun gero guda ya koya mata, har da saka zif."

Maganar ta soke ni, ba zan ce ba ta soke ni ba. Amma ban taɓa barin wani ya ga jinina a kasuwa ba. Na ce, "Telar Turawa ce, Gwaggo. Ɗiyanki wa suke ɗinka wa?" Sannan na ce wa waya, "Allah shi yi albarka," na kashe.

Ban sake tambayarta ba. Ɗiyar fari ba a zama a yi ta tone-tonen lamarinta, a ce uwa ta cika rawar kai. Na ce a raina, sana'a sana'a ce, kuma wadda ta yi irin wannan karatu ba za ta yi ɗinkin banza ba.

Telan da ke kusa da rumfata mutumin kirki ne, cikin masu ɗage wando da tsayar da gemu, ba ya taɓa jikin mace da sunan awo. Sai dai ki kawo tsohuwar riga, ko ki auna kanki da kirtani ki ƙulla: ƙulli na kafaɗa, ƙulli na ƙirji, ƙulli na tsawo. Haka na yi. Na zaɓi shadda mafi kyau a rumfata, na naɗe kirtanin ciki, na ba wani mai tafiya da saƙo cewa a yi min model mai kyau. Bayan watanni sai ga riga ta dawo. Wallahi ban taɓa sa ɗinki irinta ba. Duk bikin da na je da ita sai mata sun taɓa, ni kuwa in ce, "Ɗinkin waccan ne." Gwaggo da kanta ta kama bakin rigar ta juya ciki waje tana neman aibu, ba ta samu ba. Ta ce, "Allura dai ta iya."

A cikin shekarun nan ne na shiga karatun manya, ina da jikoki. Abin da ya kai ni, wani ma'aikaci ne da ya ce min "Kawo yatsa" ya dangwala min tawada kamar an kama ɓarauniya. Na ce wannan shi ne na ƙarshe. Na koyi karatu da rubutu da Hausa, na tsinci Faransanci kaɗan. Amma babban abin da na samo a ajin nan ba baƙaƙe ba ne. Madam ɗinmu, malamar ajin, ta koya mana cewa babu kunya mutum ya ɗaga hannu ya ce, "Ban gane ba, a sake." Kuma ba ta yarda ka gane abu sai ka tashi gaban allo ka gaya wa wani shi ma ya gane. Na riƙe biyun nan kamar yadda nake riƙe makullin rumfa.

To, sai ga waccan ta zo hutu, cikin bazara, ana jiran ruwan fari. Bayan la'asar muna zaune ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida, ta fara gaya wa ubanta. Ya ce Allah shi yi albarka, amma ta ji ta bakin uwarta. Ta matso ta zauna gefen tabarmata.

"Inna, so nake in bar kamfanin. Jami'a ta kira ni, nan gida. Koyarwa da bincike."

"Koyar da mi? Ɗinki?"

"Wane ɗinki?"

"Model ɗin naki mana. Ke, in gida kike so, mi ya kai ki jami'a? Ga fili kusa da rumfata. A sai miki keke mai kuran, ni ina saida turmi, ke kina ɗinkawa. Cikin wata guda sai telolin Dutsi sun koma noma."

Ta dube ni kamar na yi mata Zabarmanci. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ordinater ɗinta, wato kwamfuta, ta buɗe ta ajiye gabana. Wasu layuka ne, ja da shuɗi, suna hawa suna sauka kamar sawun maciji a rairayi, ga lambobi birjik a ƙasa.

"Ga model ɗina, Inna."

Na duba da kyau, don yanzu ina da idon karatu. Na ce, "Ina wuyan? Ina hannun?"

Dariya ta kwashe ta har ta kwanta bisa tabarma tana riƙe ciki. Ubanta, wanda ban taɓa ganin haƙoranshi a waje ba, sai da rediyo ta zame daga gwiwarshi.

Na ce, "Shaddata fa?"

"Wani ɗan Senegal ne ya ɗinka, Inna. Na zaci ɗinkin can kike sha'awa, na yi ta yawo har na samo shi. Ni ko maɓalli ban iya sawa ba."

Ni ban yi dariya ba. Na bari sunka gama. Na ce, "Kun ƙare? To ji nan. Albarkar da na sa a da, ga ɗinki na sa ta. Ta tafi wurin ɗan Senegal, Allah shi amfana mishi. Wagga kuwa ba ta fita bakina sai na gane aikin da za ki bari, da wanda za ki kama. Kuma da Hausa."

Washegari ta gwada. Ta fara da Hausa, kafin ta kai ƙarshen magana ta zame cikin Faransanci, ta dawo, ta sake zamewa. Ni kuwa ina ta ɗaga mata hannu: "Ban gane ba, a sake." Da ta gaji ta ce, "Inna, abubuwan ga ba su da suna da Hausa."

Na ce, "Hausar da ta raɗa wa kowace doguwa, aljanar borin ƙauyen Lugu, suna, har da na ɗiyanta da barorinta, ita ce ba ta da sunan aikinki? Ba Hausa ce ta gaza ba."

Kwanaki sunka bi tana fita da safe ta yi ta zagaya gari ita kaɗai. Ina jin wayarta tana ƙara, tana shiga ɗaki tana ba mutanen jami'a haƙuri. Ubanta ya same ni ina tankaɗe.

"Ki sa mata albarka mana. Mi zai rage ki?"

"Kai ba ka sa taka ba? Ta yi amfani da ita."

"Taki take so."

"To ta biya kuɗinta."

Wata safiya ina shimfiɗa kaya sai ga ta a rumfa. Ta zauna bisa benci kamar mai saye, ba ordinater, ba takarda.

"Inna, turmin da bai saidu ba yau, mi kike yi da shi?"

"In ninke abina. Gobe ma rana ce."

Ta nuna min matar da ke saida ƙanƙara a tsallaken hanya. "Waccan fa?"

"Tata ta narke. Shi ya sa take karya kuɗi in rana ta yi."

"To kuran ya fi ƙanƙara rashin haƙuri. Ƙanƙara tana kai azahar. Kuran ba shi da rumbu. Batir ɗan kwano ne, ba rumbu ba. Lokacin da kika kunna fanka, a lokacin nan wani inji yana can yana haifar abin da take sha. In an haifa ya gaza, a ɗauke wa wata unguwa. In an tada inji babu masu sha, an ƙona mai a banza. Dole wani ya san tun yau nawa za a sha gobe, kuma wane inji za a tayar."

"Injin ba iri guda ba ne?"

"A'a. Na rana shi ne mai araha, amma da magariba yake tafiya gida, daidai lokacin da kowa ke kunna fitila. Na gazuwal, man manyan motoci, yana jin magana, ko yaushe kika kira shi ya zo, amma ci gare shi. Na ruwa sai yadda damina ta yi. A inda nake, masu injunan nan da masu saye ciniki suke kamar na kasuwar ga, sai dai farashin yana canzawa kafin ki gama shan fura. Kamfaninmu so yake ya san yadda farashi zai kasance gobe, da baɗi, da bayan shekaru, kafin ya zuba dukiya ya gina sabon inji."

Wannan kam na gane, ban ɗaga hannu ba. Na ce, "Wato duba kike yi musu. Da ɗinki da bokanci, gara ɗinkin. Kada Gwaggo ta ji."

Ta ce in taso. Ta kai ni shagon telan nan mai gemu. Mun same shi durƙushe yana yanka takardar buhun siminti da almakashi, ga leshin wata amarya a ninke gefe, bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Malam, don mi kake yanka takarda ga leshi a ajiye?"

Bai ɗago ido ba ya ce, "Hajiya, sabon model ne, ban taɓa yin shi ba. Leshin ga in na ɓata shi sai dai in bar garin. Takarda kuwa in ta ɓaci in jefar, in yanki wata."

Ta juyo gare ni. "Aikina ke nan, Inna. Ina gina ƙaramar kasuwa cikin ordinater, da awo na gaskiya, na zafi da sanyi, da yawan masu sha, da tsadar mai. Sai in ja nan in ga ina zai ɗage. In gaz ya yi tsada fa? In ruwa ya ƙi? In an ƙara injin rana? A ɓata a takarda, kada a ɓata a leshi."

Na tsaya ina kallon takardar simintin nan, ga siffar hannun riga ta fito a jikinta. Na ce, "Ashe dai ban yi kuskure ba."

"Rabi, Inna."

"Rabin nawa shi ne babba."

Tela ya yi murmushi cikin gemu, ya ce shi dai ba ruwanshi.

Saura rabi na biyu, wanda ya fi damuna. Muna komowa ta bakin gudro na ce, "To aiki mai kyau haka, mi ya sa za ki bar shi? Korar ki anka yi?"

"Ba su kore ni ba. Ƙari ma sunka yi min don in zauna."

Ta tsaya gaban teburin masu saida isansi, wato man fetur, a kwalba, wanda ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka, ƴan kabu-kabu sun yi layi da baburansu. Ta ce, "Kin ga kwalaben ga? Ba su cikin model ɗin da nake yi. Itacen da amalanke ke kawowa daga ƙauye, wanda kike dafa tuwo da shi, ba shi ciki. Abin da nake yankawa, a jikin ƙasashen sanyi nake auna shi. Su tsoronsu hunturu, mu tsoronmu bazara. In an ɗauko nasu an sa mana, nan ya matse, can ya ja ƙasa. Kuma duk abin da na yi na kamfani ne, a kulle yake. Ko wanda na nuna miki rannan, na koyo ne, ba na aiki ba."

"A jami'a fa?"

"A jami'a awon namu zan ɗauka. In mutanen tsallake sun ƙara kuɗin mai, wa zai fara ji? Ɗan kabu-kabu, sai mai injin niƙa, sai matar da ta koma gaz ta ga ba ta iyawa ta dawo ga itace, sai itatuwan dajin Lugu. Ina so in san girman kowane, kafin ya faru. In na gano in rubuta, kowa ya karanta, masu mulki da ɗalibai. Kafin ma a buga, sai an ba wasu masana da ban san su ba, su juya shi ciki waje suna neman aibu."

"Kamar yadda Gwaggo ta yi wa shaddata."

"Sun fi Gwaggo."

"Babu wanda ya fi Gwaggo. Kuma kina so?"

"Ina so."

"Albashi fa?"

"Zai ragu. Sosai."

Ba ta shafa wa maganar zuma ba, na ji daɗin haka. Sai na yi mata tambayar da nake yi wa duk sabon tela kafin in tura mishi masu sayena. "Model ɗin naki ya taɓa yin ƙarya?"

"Sau da yawa. Akwai shekarar da na ce farashi zai sauka, ya hau, ya yi ta hawa. Na kasa cin abinci."

"Mi kika yi?"

"Na farke shi, na nemo inda awon ya kuskure, na gaya musu, na sake."

Na tsufa cikin tufafi. Telan da ya ce bai taɓa ɓata ɗinki ba, ko maƙaryaci ne ko jiya ya fara. A nan zuciyata ta sauka. Amma ban ce komai ba, don ban tashi gaban allo ba tukuna. Ta dube ni tana jira, na ce mata rana ta yi, in koma rumfa.

Allona kuwa Gwaggo ce. Ana saura kaɗan hutun ya ƙare anka yi suna a Dumega, gidan ɗan Gwaggo. Munka shiga motar kasuwa da sassafe, ni da waccan. Da gangan na sa shaddar nan. Mun tarar da tsakar gida cike da mata, tukwane bisa wuta, Gwaggo a tsakiya da muciya tana ba da umarni. Tana hango ni ta ɗaga murya.

"Ga uwar tela! An ce an koro ta daga Turai. Allurar ce ta karye, ko Turawan sun koma yawo tsirara?"

Mata sunka kwashe da dariya. Waccan ta sulale can baya cikin ƙannenta. Ni na ja kujera na zauna daf da murhu.

Na ce, "Gwaggo, geron sunan ga, wa ya auna shi?"

"Wa zai auna in ba ni ba?"

"Wa ya gaya miki mutum nawa za su zo?"

"Sai an gaya min? Ruwa bai sauka ba, kowa na gida, ba mai zuwa gona. Ba ranar kasuwa ba ce. Dangin uwar jaririn kuwa na san su, ko kaza ta haihu sai sun cika mota."

"In kin auna ya gaza fa?"

"Allah shi kiyaye! A yi da ni har in mutu?"

"In ya yi yawa?"

"Cikin zafin ga? Kafin gobe ya lalace, a zuba wa awaki."

Na ce, "To aikin waccan ke nan. Kuran tuwon suna ne, ba ya kwana, shi ko awaki ba su samu. Ita ke aunawa tun kafin baƙi su zo, ta ce ga yawan da za a sha, ga murhun da za a hura, ga abin da zai ci. Awon nan shi suke ce wa model. Tana fara gwada shi a takarda, don kada a yi kunya a gaban jama'a."

Gwaggo ta dogara ga muciya tana kallona.

"To tukunyar wa take aunawa?"

"Da, ta Turawa. Yanzu tamu take so ta auna, ta koya wa yara su ma su iya."

Ta juya maganar a bakinta kamar goro. Can ta ce, "In haka ne a gaya mata tuwon Dumega bai isa ba. Kullum mu ake ɗauke wa." Sai ta miƙo muciya ta nuna ƙirjina. "Shaddar ga fa?"

"Ɗan Senegal."

Gidan ya ɗauka gaba ɗaya, har maza sunka leƙo daga zaure. Wannan karon ni ma na yi, har da hawaye. Gwaggo tana buga cinya tana cewa, "Na faɗa! Tun ran da na juya ta na ce hannun namiji ne!" Ba ta taɓa faɗa ba. Na bar mata, don ta gane abin da nake so ta gane, kuma daga bakina.

Washegari da hantsi waccan tana tsakar gida tana haɗa kaya. Mace ba ta duban idon ɗiyar fari ta yabe ta. Na je ƙofar ɗakin ubanta na tsaya, na ba ta baya, na ɗaga murya yadda ko maƙwabta za su ji.

"Malam, ka gaya wa waccan ta sa hannu. Allah shi yi albarka. Allah shi sa awonta ya zo daidai, ran da ya kuskure kuma shi ba ta haƙurin farkewa."

Ya rage rediyo. "Ai ga ta nan bayanki."

"Na ce ka gaya mata."

Ya leƙo ta gefen kafaɗata ya ce, "To, kin ji."

"Amin, Inna," in ji ta. Na ɗauki tsintsiya na shiga share inda na riga na share.

Yanzu ta yi shekaru a jami'a. Lokacin da mutanen tsallake sunka ƙara kuɗin mai, kwalaben bakin gudro sunka ragu, ƴan kabu-kabu sunka fara faɗa da fasinja, ni ban yi mamaki ba, an riga an yanka min shi a takarda. Wani ɓangaren kuma ba ta hango ba, ita da kanta ta kira ta gaya min, ta ce tana kan farkewa. In an yi hutu takan turo ɗalibanta su zaga Dutsi da ƙauyuka suna tambayar mata yadda suke sayen itace da gaz. Gidana suke sauka. In sunka fara yi min bayani da Faransanci sai in ɗaga hannu, su sake.

Gwaggo kuwa, da sallar bara ta aiko min da turmi da kirtaninta a ƙulle, wai in ba waccan ta kai wa ɗan Senegal.